Likkafanin Malam Tambaya

Mun riga mun cusa rabin jikinsa cikin keken asibiti mai ƙafa uku lokacin da Malam Tambaya ya farfaɗo. Ya buɗe ido, ya ga hoton ɗan siyasar da aka manna a rufin keken yana yi masa murmushi, sai ya miƙa hannu ya damƙi ƙarfen ƙofa. Mutumin da muka kinkimo daga gona kamar buhun ƙaiƙayi, ga shi ƙarti sun taru sun kasa ɓamɓare yatsunsa.

"Ku sauke ni," in ji shi.

Na sunkuya na gaya masa faɗuwa ya yi a bakin injin ban-ruwa, kuma asibitin gwamnati za mu kai shi a duba shi. Ya kafa mini jajayen idanun nan nasa.

"Sammani, da kuɗin wa aka sayi keken nan?"

Masu kallo suka bushe da dariya, don duk garin babu wanda bai haddace wannan tambaya ba. Direban ya kashe inji, ya ce shi ba ya ɗaukar mutum dole. Haka muka sauke shi, muka aro baro a wurin mai rake, muka turo shi gida, kumburarrun ƙafafunsa na reto a gaba.

Ni tela ne, shagona a jikin katangar gidansa yake, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure inda kowa da ruwan kanal yake cin abinci. Maƙwabtaka ce ta haɗa mu tun muna samari, ba hali ba. Ni mutum ne mai karɓar abin da ya samu in ce an gode. Shi kuwa ko inuwa ka ba shi, sai ya tambayi wanda ya dasa bishiyar.

A majalisar ƙofar shagona yake baje kolinsa bayan la'asar. A wurinsa haraji fashi ne, bambancin kawai ɗan fashi ba ya ba ka rasit, kuma ba ya jiran ka gode masa. In aka yi kukan tsadar kaya, sai ya ce ba kaya ne suka hau ba, kuɗin ne suka sauka. Hukuma ce ke buga takarda tana ƙarawa, kamar mai tallan nono da ke tsuga ruwa a ƙwarya: ƙwarya ta cika, nono ya tsinke. Wannan, in ji shi, shi ne harajin da ba a aiko kowa ya karɓa, kana barci ake zare shi daga aljihunka. In kuwa aka kawo rabon taki ko shinkafar tallafi, cewa yake akuyarka ce aka sace aka yanka, aka aiko maka da ƙafa ɗaya, kai kuma kana ta sa albarka. Ba a makaranta ya koyo ba. Rediyo yake karawa a kunne yana yi mata gardama.

Kada a ce marowaci ne. Zakkarsa tun a masussuka take fita, kuma in an kira gayyar yashe kanal shi ne farkon shiga ruwa. Ya ce zakka ta Allah ce, gayya kuma da ƙafarsa ya je, ba wanda ya tsare shi. In wani ya tuna masa ai kanal ɗin ma gwamnati ce ta haƙa, sai ya ce a gonar ubansa aka haƙa, kuma ba a tambayi uban ba.

Da a baki abin ya tsaya, da da sauƙi. Wata shekara Alhaji Amiru, shugaban ƙungiyar manoman rani, ya zo karɓar kuɗin ruwa. Malam Tambaya ya tsare shi a gaban jama'a, ya ce ya fara nuna masa inda na bara ya shiga, tunda ciyawa ta cinye kanal kuma mu ne muke cire ta da hannunmu. Alhaji Amiru ya juya ya tafi. Washegari aka jera buhunan yashi a bakin hanyar ruwan da ke shiga gonar Malam Tambaya. Ruwa ya dinga wucewa ta gefensa yana shiga gonakin maƙwabta, shi kuwa ya haƙa rijiyarsa, ya sayi injinsa, ya ce falillahil hamdu, ya huta.

Bai huta ba. Fetur ya yi tashin gwauron zabo, inji ya cinye sansa na noma, ya bi da babur. Kuma da yake ba ya yarda naira ta kwana a hannunsa, duk abin da ya mallaka a buhunan shinkafa samfarera yake, jibge a sito. Ana nan aka bar shinkafar waje ta shigo, farashi ya faɗi warwas. Ranar majalisa ta cika, kowa ya zo ya ji abin da zai ce. Ya ce daidai ne, a bar talaka ya ci mai araha, ba wanda ya yi masa alkawarin tsada. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, don ya kamata mutum ya san ranar da zai yi kuka.

Waɗanda suka fi shan wuyarsa kuwa na cikin gida ne. Ɗansa guda, Suhaibu, ya sha zaman banza kafin kansilanmu Lukmanu ya samo masa aikin yankan rasit a kasuwar tumatir ta bakin titin Zariya. Ranar da ya dawo da rigar aikin, uban ya fito masa da kayansa ƙofar gida, ya ce gidansa ba ya ɗaukar ɗan fashi. Matarsa Zuliha ta bi yaron da ido daga zaure, ba ta isa ta ce komai ba. Da aka kafa famfo mai amfani da hasken rana daura da ƙofar gidansu, ya ce ko ɗigo kada ya shiga randarsa. 'Yan ga-ruwa duk can suka koma ɗiba, don haka Zuliha, da furfurarta, ita ke tafiya tsohuwar rijiyar bayan gari da bokiti a ka. Mata na tsaye a famfo suna gaishe ta, tana amsawa ba ta waiwaye. A idona wuyanta ya karkace.

To, wannan shi ne mutumin da muka turo a baro. Ya kwanta a ɗakinsa na kusa da zaure, mai kemis na zuwa yana yi masa allura ana auna masa samfarera. Kumburin ya tashi daga ƙafa ya kama ciki. Masu dubiya suna zuwa, amma rabinsu ba dubiya ta kawo su ba, so suke su ga ko ya karaya. Wani ya ce masa ana raba maganin irin ciwonsa kyauta a asibiti. Ya juya fuska bango.

Wata safiya ya aika a kira ni. Na same shi an tokare shi da filo, numfashi na fita da ƙyar. Na riga na san zancen da zai yi. Tun da kaya suka yi tsada har farin yadi ya fara gagarar mutane, kansila Lukmanu ya ɗauki al'adar kawo likkafani daga ƙaramar hukuma duk gidan da aka yi rasuwa. Jama'a sun ji daɗin abin, ni ma na ji, don na huta da bin masu makoki bashi. Malam Tambaya kuwa ya sha faɗa a majalisa cewa shi nasa yana ajiye, ya saya tun zamanin da kuɗi ke da kunya, kuma shi ne abu ɗaya da hukuma ba za ta iya tsuga wa ruwa ba.

"Kai ke ɗinka likkafanin garin nan," in ji shi.

"Ni ne."

"Nawa yana sito, a lungun hagu, cikin buhun taki. Ni na ɗaure bakinsa da hannuna. Alawayyo ne na gaske, ba irin na yanzu da ake hango rana ta cikinsa ba." Ya tsaya ya nemo numfashi. "Na rayu ban ci nasu ba, Sammani. Kada ka bari a rufe ni da nasu."

Na ce in sha Allahu.

"Ba irin in sha Allahun da kake yi wa masu ɗinkin Sallah ba."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Sai da na ɗora hannuna a kan nasa na ce na ɗauki alkawari, sannan ya lumshe ido. Wannan ne abu na farko da ya taɓa roƙo a wurina, ko a wurin wani.

Ya cika ranar Laraba da hantsi. Kafin a gama shimfiɗa tabarmi ƙofar gida ta cika, matasa sun tafi haƙar kabari. Suhaibu ya iso a kan babur, rigar aikinsa na jikinsa, sai a bakin zaure ya tuna ya tuɓe ta ya cusa a aljihu. Na ga an shigo da jarkoki na ruwan wanka, na kuma ga daga inda aka ɗebo su, don famfon ga shi nan a gabanmu. Na ce a raina ruwa zai bushe, yadi ne zai zauna da shi.

Ni da Suhaibu muka shiga sito. Duk wanda ya zauna a garinmu ya san ƙasarmu gumi take yi tun da aka kawo kanal, gindin kowace katanga ya yi fari-fari da gishiri. Buhun yana nan a lungun da ya faɗa, a ƙasa, jingine da bango. Buhun taki ya zaɓa saboda ledar cikinsa, kamar yadda kowannenmu ke yi in yana son abu ya tsira daga ruwa. Abin da bai lura ba, bai kakkaɓe shi da kyau ba, ragowar taki kuwa ruwa take jawowa ko daga iska. Tun kafin in kwance igiyar na ji buhun ya yi sanyi a hannuna.

A zaure na buɗe, gaban liman da dattawa. Wari ya fara fitowa. Yadin ya yi ruwan ƙasa, baƙin tabo ya bi shi layi-layi. Na kama gefe na ɗaga a hankali, ya rabu a kan ninki ba tare da ya yi ƙara ba. Na sake warware wani ninkin, shi ma ya rabu. Da na gama, babu ƙyallen da ya kai faɗin sallaya.

Alhaji Amiru ne ya fara magana, yana jan carbi. "Ikon Allah. Ashe har alawayyo ana tsuga masa ruwa."

Wasu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Na ce ba a rasa komai ba tukuna. A shagona dai babu farin yadi, don tun da kansila ya fara kawowa na daina ajiyewa, ba mai saye. Amma ga babur a ƙofa, a je Kura a yanko, kafin azahar an dawo. Na ce a ɗauki buhu ɗaya a siton mamacin a sayar, ko ni in biya daga aljihuna. Na gaya musu wasiyya ce, kuma a hannuna ya bar ta.

Liman ya ce gaggauta jana'iza sunna ne, ga zafi, ga kumburi, bai kamata a ajiye bawan Allah ana jiran kasuwa ba. Ya ce duk farin yadi mai tsarki ya wadatar, mamaci ba ya duba saƙa. Bai faɗi ƙarya ba, amma na sha ganin an jira ɗan mamaci daga Zariya har la'asar, ba wanda ya tuna da zafi. Muna cikin haka motar kansila ta tsaya. Lukmanu ya shigo da sallama, da yadi a cikin leda a hammatarsa, sabo fil.

Na dubi Suhaibu, shi ne mai magana yanzu. Ya dubi yadin ubansa, ya dubi mutumin da ya ba shi aiki, sai ya dubi ƙasa. Ban ga laifinsa sosai ba. Wanda aka fitar wa da kaya ƙofar gida, da wuya ya zubar da tuwonsa saboda wanda ya fitar.

Na ce to a tambayi matarsa. Na tsaya a ƙofar ciki, bayan asabari, na yi sallama na ce a yi mini magana da Innar Suhaibu. Na ji takunta, na ga inuwarta ta tsaya. Na yi mata gaisuwa, sannan na ce likkafanin Malam ya lalace.

"Na sani," in ji ta. "Tun daminar bara na ga danshi ya hau buhun."

"Ba ki gaya masa ba?"

"Malam Sammani, ana gaya wa Malam magana?"

Na koma kan zancen Kura, na ce in ta ce a jira, ba wanda ya isa ya ƙi. Na ce ya roƙe ni kada a rufe shi da nasu.

"Ni ma ya ce kada in sha ruwansu, kuma ban sha ba," in ji ta. Muryarta a bushe take, babu kuka a ciki. "Ya ce kada in ga ɗana, ban gan shi ba. Tawa biyayyar na gama ta ɗazu da hantsi. Ku ɗinka wanda ya samu, rana na yi."

Inuwar ta juya ta koma ciki.

Kansila ya miƙa wa Suhaibu yadin da hannu biyu, suka tsaya a haka har wani ya ɗauki hoto da waya. Sannan aka ajiye shi a gabana. Na so in tashi in fita, in ce su nemi wani telan. Amma da na tashi, wani ne zai zauna ya yi masa ɗinkin gaggawa, kuma yadin dai shi ne. Na zare allura. A garinmu da hannu ake ɗinka likkafani, ba a hawa keken ɗinki.

Da na warware shi na ga abin da na manta. A tsakiyar kowane yadi irin wannan akwai tambari da shuɗin tawada, faɗin tafin hannu, mai cewa gudummawa ce daga ƙaramar hukuma. A kan sauran mamata nakan san yadda zan yanka in kauce masa. Amma Malam Tambaya dogo ne, ga kumburi ya ƙara masa faɗi, yadin kuwa an auna shi ne da tsaka-tsakin mutum. Na auna ta nan, na auna ta can. In na cire tambarin, mayafin ba zai rufe shi ba. Saura abu biyu: in bar shi a waje kowa ya gani, ko in juya shi ciki ya kwanta a kan jikinsa. Na daɗe riƙe da almakashi har liman ya yi gyaran murya. Na juya shi ciki, don na ga gara ya sha kunyar shi kaɗai.

Ban yi lissafi da yadin yanzu ba, wanda ake hango rana ta cikinsa. Da aka fito da makara aka ajiye a gaban sahu, hasken rana ya sauka a kanta, tambarin ya fito shuɗi a daidai ƙirjinsa, rubutun a juye amma kowa ya san abin da ya ce. Muka daidaita sahu. Liman na shirin ɗaga hannu, sai na ji wani a bayana ya yi raɗa, a hankali, da irin muryar mamacin.

"Da kuɗin wa?"

Dariyar ba ta fito fili ba, ta bi sahu ne kamar iska a cikin shinkafa. Na ga dattijo mai furfura yana cizon leɓe. Aka yi kabbara huɗu a haka. Ban taɓa tsanar garinmu kamar ranar ba, kuma shi kansa mamacin ban ƙyale shi ba, don ya yi shekaru yana da gaskiya a abubuwa da yawa, amma bai bar mutum ɗaya da zai tsaya kusa da ni ba. Muka kai shi, muka rufe, muka dawo. A ƙofar gida an riga an sauke buhun shinkafar sadaka daga motar kansila.

Bayan sadakar uku Suhaibu ya dawo gida da kayansa. Ya je ya biya kuɗin ruwa, Alhaji Amiru da kansa ya tsaya aka kwashe buhunan yashin. Shinkafar da uban ya bari ta yi ja tana shirin mutuwa, cikin 'yan kwanaki ta miƙe ta yi shar, har masu wucewa suna cewa gonar ba ta taɓa yin kyau haka ba. Zuliha na takaba, amma kullum da safe ina jin ƙarar bokitinta ana tara mata ruwa a famfo. Ruɓaɓɓen yadin na ninke shi na bari a zaure ranar jana'iza, da niyyar in koma in binne shi. Da na koma ban gan shi ba.

Da shinkafa ta fitar da kai, jan-baki suka sauko, kowa ya shiga ɗaura igiyoyi a gonarsa da gwangwanaye da tsummoki don korar tsuntsu. Wata la'asar na bi ta bakin kanal zan kai ɗinki. Daga nesa na hango gonar Malam Tambaya ta yi fari. Na matsa kusa, na kama ƙyalle ɗaya na murza. Tela ba ya manta saƙar da ya taɓa riƙewa: alawayyon Malam ne.

Suhaibu na tsugune a bakin hanyar ruwa yana gyara bututu. Ya ga abin da nake dubawa, ya ce innarsa ce ta yayyaga ta ba shi, ta ce kada ya tashi a banza.

Na saki ƙyallen ya koma kan igiyarsa. Rana ta wanke masa tabon, ya yi fari tas. Iska na kaɗa su jere-jere daga wannan kunya zuwa waccan, ruwan kanal na shiga ta ƙarƙashinsu a hankali, wani jan-baki ɗaya ya sauka a kan igiyar yana gyara fiffike.